Mu Share Sito Kafin Ruwa Ya Share Mana

Karatu: 2 Tarihi 29:15-19; Nehemiya 13:4-10; Luka 12:13-21

Maganar da muka kawo muku a wannan mako ba irin wadda aka saba ji daga bakin fasto ba ce. Maganar sito ce, wato ɗan ɗakin nan na bayan gida da ake kullewa da tsohon kwaɗo, da rumfar da ake jingine kayan gona, da lungun zaure, da ƙarƙashin gado, da kuma siton majami'a. Kowane gida yana da irin wannan wuri. Ba a nuna wa baƙo shi, mu kanmu masu gida ba ma son daɗewa a ciki. Sai dai mu da muke zaune a bakin Kogin Haɗejiya mun san akwai baƙon da ba ya jiran a nuna masa hanya, ba ya kuma sallama.

Kogin nan da muke gani ba a nan ya faro ba. Kogin Kano da Kogin Challawa ne suke haɗuwa kafin Wudil, ruwan ya biyo ta ƙasar Ringim da Miga da Auyo ya iso mana, ya rarrabu cikin fadamun Haɗejiya da Nguru, ya sadu da Kogin Jama'are a wajen Gashuwa, daga nan ya nufi Tafkin Chadi. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Tun daga nan tafiyar ruwan ta sake. A da kogi yakan cika da damina ya ƙafe da rani, yanzu kuwa akwai wuraren da ruwa ke kwance shekara zagaye. Wannan ne ya ba kachalla damar yaɗuwa. Ta cika magudanai, yashi da laka suka taru a gindinta, hanyar ruwa ta ƙuntata. Idan watan Agusta da Satumba suka zo da ruwa mai yawa, sai kogi ya rasa ta inda zai bi, ya juyo gonaki da garuruwa. Mun gani a 2012, mun gani a 2018 da 2020, na 2022 kuwa har yanzu mutanen Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri ba su gama ba da labarinsa ba. Da yawa daga cikinku kun kwana a kan jinga kuna ɗura yashi a buhu tare da maƙwabtanmu Musulmi, don ruwa ba ya tambayar mutum inda yake sujada.

Abin da muka lura da shi a waɗannan shekaru, mu da aikinmu ya sa muke shiga gida gida muna jaje, shi ne ruwa yakan tona abin da mutum ya ajiye. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan ruwa ya janye, kowa yakan fito da kayansa tsakar gida ya shanya, a nan ne ake ganin ainihin abin da ke cikin sito. Za ka ga tulin takalman da ba su da 'yan'uwa, da rediyon da ya mutu tun yaran gidan suna firamare, da fitilun da ba su da kwalba, da tayoyin keke, da robobin da suka fashe. Duk waɗannan ruwa bai yi musu komai ba, don dama matattu ne. Sai ka duba can gefe ka ga maigida ya yi tagumi a gaban wata jiƙaƙƙiyar takarda da tawadarta ta narke. Takardar fili ce, ko sakamakon WAEC na ɗansa, ko takardar aure. Ko kuwa irin shinkafar da aka keɓe don shukar baɗi ya tsiro cikin buhu. Tarkace sun samu wuri a saman kanta, abin da rayuwar iyali ta rataya a kansa kuma yana ƙasa, a bayan shirgi, inda hannu ba zai kai ba cikin duhu da gaggawa.

Shirgi a cikin gida kachalla ce. Ba rana ɗaya yake cika wuri ba, kuma ba wanda ya shuka shi da gangan. Yau a jefa abu ɗaya a ce wata rana zai yi amfani, gobe a ƙara wani. Ranar da ake bukatar hanya, sai a tarar babu.

Kwana goma sha shida na Hezekiya

Littafi Mai Tsarki bai raina aikin shara ba. Hezekiya ya hau gadon sarauta yana da shekara 25, sa'an wasunku. Ya tarar mahaifinsa Ahaz ya rufe ƙofofin Haikali, fitilu sun mutu, ƙazanta ta taru a ciki. Bai fara da yaƙi ba, bai fara da gina fada ba. A wata na fari na shekararsa ta fari ya buɗe ƙofofin ya gyara su, ya tara firistoci da Lawiyawa ya sa su aikin kwashe datti. Ku lura da yadda aka tsara aikin. Firistoci ne suka shiga can ciki suna fito da ƙazanta zuwa farfajiya, Lawiyawa kuma suna ɗauka suna kaiwa Rafin Kidron, bayan gari. Kwana takwas suka yi kafin su kai shirayi, suka ƙara takwas a cikin ɗakin, suka gama ran sha shida ga wata. Ba duk abin da suka tarar suka zubar ba. Kayayyakin sujada da Ahaz ya yi watsi da su, sun tsabtace su sun mayar da su gaban bagade. Sai bayan wannan ne aka ji ƙarar ƙaho da waƙa a Haikali.

Akwai abu uku a nan da za su yi mana amfani. An sa rana an fara. An raba aiki, kowa ya san nasa. An kuma bambanta abin zubarwa da abin gyarawa. Wanda ya shiga sito da fushi yana watsi da komai bai yi aikin Hezekiya ba, haka ma wanda ya ɗaga kowane tsumma ya kakkaɓe ya mayar.

A zamanin Yosiya kuma, a shekara ta 18 ta sarautarsa, ana cikin gyaran Haikali ne babban firist Hilkiya ya tsinci Littafin Shari'a. Ku yi tunani, Maganar Allah ta ɓace a cikin ɗakin Allah. Duk wanda ya taɓa buɗe siton majami'a ba zai yi mamakin wannan labari ba. Akwai bencin da ƙafarsa ta karye, da gangar da fatarta ta yage, da lasifikar da ta daina magana, da kayan wasan Kirsimeti na shekarun baya. A ƙarƙashinsu kuma sau da yawa akwai kwalin Littattafai Masu Tsarki da littattafan waƙoƙi da na makarantar Lahadi, gara tana ci, alhali a ƙauyukan da muke zuwa bishara akwai masu bi da mutum biyar ke leƙa littafi ɗaya.

Ba kowace ajiya ce zunubi ba

Kafin ku ɗauki tsintsiya, bari mu ja muku kunne. Akwai iyayenmu da kakanninmu da suka ga farin 1973 da na 1984. Sun ga lokacin da mudun hatsi ya fi tufafin jiki daraja. Idan kun ga Mama ba ta zubar da buhun da ya huje, ko Baba yana tara ƙusoshin da suka lanƙwashe cikin gwangwani, kada ku yi musu dariya. Wahala ce ta koya musu, kuma da wannan hali aka biya wa da yawanku kuɗin makaranta. Yusufu ma ajiya ya yi a Masar. Shekara bakwai yana karɓar kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa yana tarawa a birane, Allah kuwa ya ceci al'ummai ta wurin wannan tanadi.

To, mene ne bambancin Yusufu da attajirin da Yesu ya ba da misalinsa a Luka 12? Dukansu sun samu albarkar gona, dukansu sun yi maganar rumbu. Amma da yunwa ta zo, Yusufu ya buɗe rumbunan. Shi kuwa attajirin, da gonarsa ta yi kyau, bai tuna da kowa ba. Shawararsa ita ce ya rushe rumbunansa ya gina manya, ya zauna ya ci shi kaɗai. A daren nan aka karɓi ransa, Allah kuma ya kira shi wawa. Ku tuna abin da ya jawo misalin: wani ne ya zo yana so Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi. Kaya ne suka shiga tsakanin 'yan'uwa biyu. Saboda haka tambayar ba ita ce ko muna da sito ba. Tambayar ita ce, don wa muka ajiye, kuma yaushe ƙofar za ta buɗe?

Labarin manna a Fitowa 16 ya ƙara haskaka mana. Waɗanda suka ɓoye ta don rashin amincewa da Allah sun wayi gari ta yi tsutsa tana wari. Amma Allah da kansa ya sa a zuba mudu guda a tulu a ajiye, domin jikoki su ga abincin da ya ciyar da kakanninsu a jeji. Ajiyar tsoro ta ruɓe, ajiyar shaida ta zauna. Don haka tsohon Littafi Mai Tsarki na Kaka mai rubutun sunayen 'ya'yanta a bango ba tarkace ba ne. Hoton ranar baftismar Baba ba tarkace ba ne. Irin waɗannan a nema musu wuri mai kyau a sama.

Yadda za mu yi aikin

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu da ƙasa take bushe, rana kuma take da ƙarfi, shi ne lokaci. Muna ba zumunta shawara ta raba kanta ƙungiya ƙungiya, mutum huɗu ko biyar, a yi aikin gayya kowace Asabar daga nan zuwa faɗuwar ruwa. A fara da gidajen gwauraye da tsofaffi da marasa lafiya, sannan siton majami'a, sannan gidajenmu.

Da farko a nemi izini. Kada wanda ya taɓa kayan iyayensa ko na wani dattijo ba da saninsa ba. A ce, Baba, mun zo ne mu taya ku gyara sito kafin damina, ku zauna a inuwa ku nuna mana. Idan ya ce a bar abu, a bar shi. Kayan mamaci kuwa a bi su a hankali. Akwai gwauruwar da adakar mijinta take nan yadda ya bar ta, ba don tana bukatar rigunan ba. Irin wannan ba da gaggawa ake yi ba. A zauna da ita, a saurari labarin, a yi addu'a, ita za ta faɗi ranar da ta shirya.

A shiga da takalmi da sanda da tocila, a ɗaure hanci da ƙyalle. Wurin da aka daɗe ba a motsa ba gidan kunama ne da maciji. Kada a cusa hannu inda ido bai gani ba. A fito da komai waje, a share, a toshe ramukan ɓera, a duba rufi ko yana yoyo, a bar ƙofa buɗe ɗakin ya sha iska.

Sannan a kasa kayan kashi huɗu: abin da ake amfani da shi, abin da za a gyara, abin da za a bayar ko a mayar wa mai shi, da abin da za a rabu da shi. Abin gyara a sa masa wa'adi. Injin ban-ruwan da ya lalace, in ba a kai shi wurin makanike cikin wata guda ba, to ya koma kashi na huɗu. Tsofaffin ƙarafa da robobi 'yan gwangwan suna saye a kan kilo, kuɗin kuma zai iya sayen bulo da katako.

Waɗannan bulo da katako su ne gadon hatsi. Buhu ba ya zama a ƙasa, ba ya kuma jingina da bango, don danshi ta nan yake shiga. A ɗaga shi sama, a bar tazarar da mutum zai zagaya. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna a raba ta da sauran, kada a ci, kada a ba dabba, don akwai gubar da fumfuna ke haifarwa mai lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Wake kuwa, akwai buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi. Leda biyu ce a ciki da buhu a waje. In wake ya bushe sarai aka ɗaure kowace leda tam, ƙwari sukan mutu don rashin iska, ba sai an zuba magani ba.

Maganar magani kuwa, a nan ne rai yake. Maganin feshi da na ɓera da takin zamani ba sa zama ɗaki ɗaya da abinci. A ɗaga su inda yaro ba zai kai ba, inda ruwa ma ba zai kai ba, don in ambaliya ta kwashe su rijiya za ta kai su. Kada a juye maganin feshi a robar lemo. Kada a wanke jarkar magani a zuba mai ko ruwan sha. Ƙwayar nan da ake jefa wa hatsi tana fitar da iska mai kisa, ba a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana ko wanda ke manne da shi. Fetur na janareta da na injin ban-ruwa ya yi nesa da murhu.

Daga ƙarshe, takardu. Takardar haihuwa, ta baftisma, ta aure, ta fili, sakamakon WAEC da NECO, katin ɗan ƙasa, katin asibiti. A haɗa su wuri ɗaya, a sa cikin leda biyu, a sa a bokiti mai murfi, a rataye a sama kusa da ƙofa, kowa a gidan ya san wurin. Ku masu waya ku ɗauki hoton kowace takarda ku tura wa wani ɗan'uwa da ke zaune a kan tudu. A gefen bokitin a ajiye irin shuka cikin jarka mai murfi, da tocila, da maganin mai ciwon da ba ya yankewa. Gwajin shi ne wannan: in aka buga ƙofa da ƙarfe biyu na dare aka ce jinga ta ɓalle, ƙaramin yaron gidan zai iya ɗauko su cikin duhu?

Kayan Tobiya

Akwai abin da kusan kowace ƙungiya za ta ci karo da shi, wato kayan da ba na gidan ba. Garmar maƙwabci da aka ara tun noman bara waccan, tsanin wani, kujerun majami'a biyu da suka zo biki ba su koma ba, littafin wani ɗalibi. A mayar da su a ranar, da godiya da ban haƙuri. Mun ga gaisuwar da ta yi shekaru da yankewa ta dawo saboda an mayar da baro.

Nehemiya ya dawo Urushalima daga wurin sarki ya tarar firist Eliyashib ya kwashe babban ɗakin ajiya na Haikali, inda ake ajiye hadayar gari da lubban da zakar hatsi da mai, ya ba Tobiya, mutumin da ya yi ta adawa da ginin garu. Ba a rushe Haikali ba, ba a hana kowa shiga ba. Ɗaki ɗaya kawai aka bayar, a bayan fage. Amma a daidai wannan lokaci rabon Lawiyawa da mawaƙa ya daina zuwa, kowa ya koma gonarsa, hidima ta tsaya. Nehemiya ya watso kayan Tobiya waje, ya sa aka tsarkake ɗakunan, ya mayar da kayan Allah wurinsu.

'Yan'uwa, kowannenmu yana da irin wannan ɗaki a zuciya. Falo a share yake, ran Lahadi muna cikin mawaƙa, amma can baya akwai ajiya. Maganar da wani ya faɗa mana shekara uku da suka wuce, muna nan riƙe da ita. Saƙonni da hotunan da ke cikin waya waɗanda ba za mu so Mama ta gani ba. Bashin da muka yi kamar mun manta. Wani ƙulli da aka karɓo daga wurin boka don jarrabawa ko farin jini, aka cusa a ƙasan akwati wai ko da za a bukata. Masu bi na Afisa, a Ayyukan Manzanni 19, sun fito da littattafan sihirinsu sun ƙone a gaban jama'a, ko da yake kuɗinsu ya kai azurfa dubu hamsin. Ba su ce a ajiye ko wata rana za su yi amfani ba. Irin wannan ajiya ita ce ke toshe addu'a, kamar yadda kachalla ke toshe kogi. Ran da gwaji ya zo da ƙarfi, rashin aiki ko rashin lafiya ko mutuwa a gida, abin da ke can ciki shi ne zai taso.

Kada kuma mu tsaya a shara kawai. Ubangiji ya yi gargaɗi a Matiyu 12 a kan gidan da aka share aka gyara aka bar shi wayam, mugun ruhu ya dawo da waɗansu bakwai da suka fi shi mugunta. Siton da aka kwashe aka bari ba tsari, kafin kaka ya sake cika da shirgi. Nehemiya da ya fitar da kayan Tobiya, kayan Allah ya shigar. Inda muka cire gaba, mu sa addu'a domin mutumin. Lokacin da muka ƙwato daga waya, mu ba Maganar Allah da ziyarar marasa lafiya.

Tambayoyi domin taron zumunta: Wane abu ne a gidanmu wani yake bukatarsa yau, mu kuwa mun fi shekara ba mu taɓa shi ba? Kayan wa ke hannunmu da ya kamata mu mayar a wannan mako? Wane ɗaki ne a zuciyarmu ba mu taɓa ba Yesu mabuɗinsa ba?

Mu yi addu'a. Ya Uba na sama, mun gode maka domin kogi da fadama, domin kifi da shinkafa, domin kowane abu da ka sa a hannunmu. Ka koya mana tanadi irin na Yusufu, ka raba mu da haɗamar da ke rufe ƙofa. Ka ba matasanmu ƙarfi da ladabi yayin da suke shiga gidajen iyayensu da wannan aiki, ka tsare su daga sarar maciji da harbin kunama. Ka kiyaye Haɗejiya da dukan garuruwan bakin kogi a daminar da ke tafe, mu da maƙwabtanmu. Ka bincike zukatanmu, ka fitar da abin da ba naka ba, ka cika wurin da Ruhunka Mai Tsarki. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.